Tsiron da gata ke kashewa: yadda ake renon tarkon Binas a gida

Duk wanda ya saba da shuka ya san abin da tsiro yake so: ƙasa mai ƙarfi, taki, da ruwa a kan kari. Da wannan sanin ne ake kashe tarkon Binas. Ɗan tsiron nan da masana ke kira Dionaea muscipula, wanda ganyensa ke wangale baki ya cafke ƙwaro, yakan shigo gida lafiya lau cikin 'yar tukunyar roba. Mai shi ya sauya masa ƙasa don ƙauna, ya barbaɗa masa taki, ya riƙa ba shi ruwan famfo safe da yamma, kafin a ankara ya yi baƙi ya narke. Sai a ce tsiro ne mai wuyar sha'ani. Ni ban yarda ba. Renonsa ba wuya, muddin mutum zai ajiye abin da ya sani a gefe ya tambayi inda tsiron ya fito, domin kusan duk ƙa'idar kula da shi daga can ta samo asali.

A duk faɗin duniya, wuri ɗaya ne mahaifarsa: gaɓar tekun jihohin Karolaina ta Arewa da Karolaina ta Kudu a Amurka, cikin wata da'ira da ba ta wuce kilomita 160 daga birnin Wilmintin ba. Ƙasar wurin yashi ce haɗe da ruɓaɓɓen ganye, mai tsami, kullum a jiƙe, kuma ruwan sama ya wanke kusan duk naitirojin da fosfaras ɗin da ke cikinta, wato sinadaran da tsiro ke samu a taki. Itatuwan fayin da ke wurin, masu ganye kamar allura, a warwatse suke, rana na sauka har ƙasa. Abin da ke riƙe filin a buɗe shi ne wutar daji, wadda takan tashi bayan 'yan shekaru ta cinye ciyayi da ƙananan itatuwa. Tarkon Binas yana da farin ƙulli a ƙarƙashin ƙasa wanda wutar ba ta kai masa, sai ya sake tohowa a fili fetal ba mai yi masa inuwa. Inda aka hana wuta tashi, daji yakan rufe shi ya ɓace. Ga kuma hunturu mai sanyi, wani lokaci har da ƙanƙara sama-sama. Rana mai yawa, ruwa mai tsabta, ƙasa matalauciya, da sanyin shekara-shekara: tsiron da ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan a gidanka zai nuna maka.

Talaucin ƙasar ne ya mai da shi mafarauci. Kamar kowane koren tsiro, da hasken rana yake haɗa abincinsa. Ƙwaron da yake kamawa madadin taki ne, daga jikinsa yake samun naitirojin ɗin da saiwa ta rasa. Wannan ya sa tsiron da ke shan rana sosai zai iya yin watanni bai ci ƙwaro ko ɗaya ba kuma ya rayu, amma wanda aka ajiye a lungun ɗaki ana ɗura masa ƙudaje zai mutu cikin ƙoshi. Mutane da yawa suna juya lissafin nan, suna damuwa da ciyarwa suna mantawa da haske.

Tarkon kansa ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, don wanda ya fahimci yadda yake aiki ba zai yi masa wasa da tsinke ba. Ƙarshen kowane ganye ya rabu gida biyu, da dogayen haƙora a gefe. A cikin kowane ɓangare akwai 'yan gasu sirara, yawanci uku, sai ka matso da ido sosai za ka gan su a tsaye. Gefen tarkon yana fitar da ruwa mai zaƙi da ke jawo ƙwari. In ƙwaro ya taɓa gashi sau ɗaya, ba abin da zai faru. In ya sake taɓawa cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, tarkon ya rufe, kuma rufewar takan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a tsiro mai lafiya cikin yanayi mai ɗumi. Hikimar jiran taɓawa ta biyu a fili take: ɗigon ruwan sama ko ɗan haki da iska ta kwaso ba zai sa shi ɓarnar ƙarfi a banza ba.

Tun 1873 wani masani ɗan Ingila, John Burdon-Sanderson, ya auna cewa taɓa gashin yana tayar da siginar lantarki da ke ratsa ganyen. Charles Darwin, a littafinsa na 1875 kan tsirrai masu cin ƙwari, ya sa shi cikin tsirrai mafi ban al'ajabi a duniya. Amma sai a 'yan shekarun nan aka gano yadda tsiro marar ƙwaƙwalwa yake tuna cewa an taɓa shi. A 2020 masu bincike a Japan sun nuna cewa taɓawar farko tana ƙara yawan kalsiyam a ƙwayoyin ganyen, ya riƙa raguwa a hankali. In ta biyu ta zo kafin ya sauka, jimillar ta haye iyaka, tarko ya faɗa. Saurin rufewar kuwa daga siffar ganyen yake: a buɗe, ɓangarorin biyu a lanƙwashe suke ta waje, a ɗaure da ƙarfi, sai su juye ciki farat ɗaya, kamar rabin ƙwallon roba da aka juya bayansa, da an ɗan taɓa shi ya koma yadda yake.

Rufewar farko ba ta cika ba. Haƙoran suna sarƙewa su bar 'yan kafofi, ƙaramin ƙwaron da bai kai a wahala a kansa ba ya sulale ya fita, tarkon ya sake buɗewa cikin kwana ɗaya ko makamancin haka. In kuwa abin da ke ciki babba ne yana ta mutsu-mutsu, kowane motsi ƙarin sigina ne. Ayarin Rainer Hedrich na jami'ar Wurzburg a Jamus ya wallafa a 2016 cewa wajen taɓawa ta biyar ne tsiron ke sakin ruwan narkarwa gadan-gadan. Daga nan gefunan su manne gam, ciki ya cika da ruwa mai tsami, a yi kwana 5 zuwa 12 ana narkarwa. In ya buɗe, busasshen ɓawon ƙwaron kawai za ka tarar.

Wannan bayanin ya warware matsaloli biyu da masu reno ke yawan kokawa da su. Na farko, kowane tarko yana da iyakar aikinsa. Yakan narkar da abinci sau uku zuwa biyar, ko ya rufe a banza wajen sau goma, daga nan ya daina motsi ya zama ganye kawai, a ƙarshe ya yi baƙi. Yaro ko baƙon da ke tsokanarsa da yatsa yana cinye masa wannan ɗan jarin ne. Sau ɗaya don a nuna wa mai sha'awa ba zai kashe shi ba, kuma ni ban ga laifin hakan ba, don da yawa daga nan ƙaunar tsirrai ke shiga zuciyarsu. Mayar da shi abin wasan kullum ne ɓarna. Na biyu, mataccen ƙwaro ba ya motsi, don haka tarkon zai rufe a kansa, washegari ya buɗe bai taɓa shi ba. Mai ciyar da shi da matacce ko busasshen ƙwaro da aka jiƙa sai ya ɗan murza bayan tarkon a hankali tsakanin yatsu biyu na ɗan lokaci, domin gasun su ji kamar akwai mai rai a ciki.

Girman abincin kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tarkon. In ƙafa ko fiffike ya leƙo waje, bakin ba zai manne ba, ƙwayoyin cuta su shiga, tarkon ya ruɓe. Nama, ɗanye ko dafaffe, ba abincinsa ba ne: kitsen ya fi ƙarfinsa, ruɓewa zai yi a ciki. Tarko ɗaya a mako biyu zuwa huɗu ya wadatar da tsiron gaba ɗaya. Wanda ke waje kuwa ba ya buƙatar kowa, shi zai kama nasa. A dajinsa ma tururuwa da gizo-gizo ne mafi yawan abin da yake ci, masu tashi kaɗan ne, don haka wanda ya saye shi da niyyar ya raba gidansa da ƙudaje ko sauro zai sha mamaki.

Haske shi ne ginshiƙi. Yana buƙatar rana kai tsaye ta aƙalla awa 4 zuwa 6, fiye da haka ma ya fi. Hasken da idon mutum ke gani a tsakar ɗaki ya ɗauka ya isa, ga wannan tsiron duhu ne. Alamar ƙarancin haske ba ta ɓuya: ganye ya yi tsawo ya yi laushi ya kwanta, launinsa ya koɗe, tarkunan su fito ƙanana ko su ƙi fitowa sam. Mai shan rana kuwa gajere ne kakkaura, cikin tarkonsa yakan yi ja, ko da yake akwai nau'o'in da kore suke zama ko yaya aka yi. Wanda ba shi da taga mai rana sai ya nemi fitilar shuka ta LED mai ƙarfi, ya kusanto da ita, ya bar ta awa 12 zuwa 16 a rana. Sabon tsiron da ya daɗe a cikin kanti kada a fitar da shi tsakiyar rana kwatsam, ƙonewa zai yi. A fara da ta safe, a riƙa ƙarawa cikin mako ɗaya ko biyu. Yana jure zafi har wajen digiri 35, in dai saiwarsa ba ta dahu ba. A wuri mai tsananin zafi, farar tukunya mai zurfi da inuwar bayan azahar suna ceton rai.

Yanzu ga ruwa, wanda a ganina ya fi komai kashe shi, domin kisansa a ɓoye yake. Saiwar tarkon Binas ta saba da ruwan da kusan babu narkakken gishiri a cikinsa. Ruwan famfo, na rijiya, da mafi yawan na gora da ake sha, duk suna ɗauke da kalsiyam da sauran ma'adinai. Ga mutum alheri ne. A tukunya kuwa ruwan yana ƙafewa, gishirin yana zama, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya ƙone saiwar. Makonni za su wuce tsiron yana kyau, mai shi ya sakankance, sannan sababbin ganye su fara fitowa a naƙashe, bakinsu na baƙi tun ba su buɗe ba. Lokacin da aka lura, sau da yawa aikin gama ya gama.

Ruwa uku ne amintattu: na sama, da wanda aka tace ta hanyar tururi, da wanda ya bi ta matatar da ake kira RO. Akwai 'yar na'ura mai girman alƙalami da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan abin da ya narke a ciki. Masu reno sun daidaita a kan kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan. A wasu garuruwa ruwan famfo yana ƙasa da haka, amma sai an auna za a sani. Dabaru biyu da ake yawan ba da shawararsu ba sa aiki. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma gishirin yana nan, ƙara kauri ma yake yi tunda ruwan ya ragu. Barin ruwa ya kwana a buɗe kuwa sinadarin kulorin kaɗai yake iya ragewa. Mai tarar ruwan sama ya bar na farko ya wanke rufin tukuna.

Yadda ake ba shi ruwan ba wahala: a ɗora tukunyar a faranti mai ruwa santimita 1 zuwa 2, ƙasar ta riƙa tsotsa ta ƙasa. In farantin ya ƙafe a bar shi yini guda kafin a ƙara, don saiwar ta sha iska. Ƙasar kada ta taɓa bushewa ƙayau, kada kuma ta zama taɓo. Lokaci-lokaci a kwarara ruwa ta sama ya fita ta ƙasa a zubar, ya tafi da abin da ya taru.

Ƙasar shukarsa ita ce wadda kowane mai lambu zai raina. Ana haɗa ruɓaɓɓen gansakukan fadama, wanda ake sayarwa da sunan fit, da farin dutsen nan marar nauyi da ake kira falayit ko yashin silika da aka wanke, rabi da rabi. Wasu suna amfani da dogon gansakukan sifagnam zalla. A karanta jikin buhu da kyau, domin kamfanoni da dama suna zuba taki a cikin fit da falayit ɗinsu, wannan kuwa guba ce gare shi. Ƙasar lambu, takin gargajiya, takin zamani, yashin bakin teku, duk a nisanta su. Ɓawon kwakwa da aka niƙa yana iya maye gurbin fit, sai dai yakan zo da gishiri, dole a jiƙa shi a wanke sau da yawa har na'urar awo ta nuna ya fita. Tukunya ta roba ko mai sheƙi a ciki, mai huda a ƙasa, zurfinta santimita 10 zuwa 15, saboda saiwar miƙewa take yi ƙasa. Tukunyar yumɓu marar sheƙi tana sakin ma'adinai tana kuma shanye ruwa. A sauya ƙasar duk shekara ɗaya ko biyu. Rufe shi a cikin kwalba ko akwatin gilashi, wanda hotuna suka sa mutane ke sha'awa, cutarwa ce: iska ba ta zagayawa, fumfuna ta samu wuri, in rana ta bugi gilashin kuma tsiron ya dahu.

Sai batun barcin hunturu, inda ake zubar da tsirrai masu rai a shara bisa kuskure. A mahaifarsa, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, yini yana gajarta, sanyi yana sauka, sai tsiron ya janye. Dogayen ganye su yi baƙi, 'yan ƙanana su kwanta a ƙasa, tarko ya yi nauyin rufewa ko ya daina. Wanda bai sani ba zai ce ya mutu. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗan tone gefe a duba ƙullin: in fari ne mai tauri, yana raye. In ya yi ruwan ƙasa ya yi laushi yana wari, ya tafi. Yana son wata 3 zuwa 4 a sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 10. A wannan lokacin a rage ruwa, ƙasa ta zauna da danshi kawai, a daina ciyarwa.

Ga mazauna ƙasashen da ke da irin wannan hunturu, taga mai sanyi ko baranda ta wadatar. Matsalar tana ga inda ba a yin sanyi. Nan masu reno suka rabu. Wasu a ƙasashe masu zafi suna cewa nasu ya yi shekaru ba barci yana nan garau, musamman in yana samun haske da abinci sosai, kuma yana 'ya'ya a gefe da ke maye gurbin uwar. Mafi yawan ƙwararru kuwa suna ganin tsiron da ba ya hutawa yakan raunana sannu a hankali. Ni ina tare da na biyun, dalilina kuwa tsiron da ke iya kai shekara 20 bai kamata a auna nasararsa da shekara biyu ba. Mafita ita ce firij. A fara rage masa awannin haske na 'yan makonni, a yanke duk baƙin ganye, a ciro shi a naɗe saiwa da ƙullin cikin gansakuka mai ɗan danshi, a sa a leda, a ajiye a ɓangaren kayan lambu. Ɓangaren ƙanƙara kashe shi zai yi. Duk mako ɗaya ko biyu a buɗe a duba fumfuna. Bayan wata uku a dasa shi a sabuwar ƙasa, a mayar da shi rana a hankali. Ƙaramin tsiro ɗan shekarar farko ana iya ɗaga masa ƙafa. Wanda kuma lantarkinsa ba ya tsayawa, gara ya bar tsiron a wuri mafi sanyi da yake da shi a waje, da ya kulle shi cikin leda a firij mai ɗumi da duhu.

Baƙin ganye shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Tsofaffin tarkuna suna mutuwa koyaushe, sababbi na fitowa daga tsakiya. Tsakiyar ce abin dubawa. In sabon toho yana fitowa kore mai ƙarfi, komai lafiya, a yanke matattun da almakashi. In sabon tohon ne ke murɗewa, a duba ƙwarin darɓa a gindin ganye. Nutsar da tukunyar gaba ɗaya cikin ruwa mai tsabta na kwana ɗaya ko biyu yakan kashe su ba tare da tsiron ya cutu ba.

Bayan ya farka daga barci, babban tsiro yakan fitar da dogon kara daga tsakiya, mai kai santimita 15 zuwa 30, da fararen furanni a kansa. Wani bincike na jami'ar jihar Karolaina ta Arewa a 2018 ya gano cewa ƙwarin da ke yi masa barbara, irin su wasu ƙananan ƙudan zuma da buzuzu, da wuya ake samunsu a cikin tarkunan. Furen yana da kyau, amma yana cin ƙarfin tsiron ƙwarai. In tsironka sabo ne ko bai gama murmurewa ba, yanke karan tun yana santimita kaɗan, kada garin neman gira a rasa ido. Karan da aka yanke ma ba asara ba ne, in aka kafa shi a jiƙaƙƙen gansakuka yakan fitar da 'yan tsirrai.

Yaɗa shi ya fi sauƙi ta hanyar raba 'ya'yan da ke fitowa a gefen ƙulli lokacin sauya ƙasa. Ana kuma ɓalle ganye tun daga tushe, tare da ɗan farin gindinsa, a kwantar a kan danshi, bayan makonni ya toho. Iri yana tsirowa cikin 'yan makonni in sabo ne, a barbaɗa shi a sama ba a binne ba, sai dai yana ɗaukar shekara 3 zuwa 5 kafin ya girma. Irin gaskiya baƙi ne, ƙanƙani, mai sheƙi, mai tsini a gefe ɗaya. Hotunan shuɗin tarko da ake tallar irinsu a intanet aikin kwamfuta ne, babu irin wannan tsiron. Nau'o'in da aka sani na gaske akwai B52 mai manyan tarkuna da Akai Ryu mai ja gaba ɗaya, kuma ba a samunsu ta iri, sai ta rabawa ko ta ganye.

Inda aka samo tsiron ma abin lura ne. A dajinsa yana raguwa saboda gine-gine, hana wutar daji, da masu tonowa su sayar. Tun Disamban 2014 tono shi daga daji ba izini ya zama babban laifi a Karolaina ta Arewa, kuma yana cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Babu ma dalilin satar, tunda ana ninka shi dubbai a ɗakunan gwaji daga ɗan yankin ganye, kuma mafi yawan na kasuwa daga nan suke. Mai saye ya tambayi mai sayarwa asalin nasa, ya zaɓi wanda tsakiyarsa ke fitar da sabon ganye ko da tarkunansa ƙanana ne, ya cire murfin robar da aka kife shi da shi, kuma ya tanadi ruwan da zai ba shi tun kafin ya kawo shi gida.